Gora ta Huɗu

Kawu ya rasu da safe, bayan an sallame asuba, a ranar da gulbi ya zo da cikar da ban taɓa gani ba. Allah shi jiƙan shi, shi sa ƙasar da ta rufe shi ta yi masa sauƙi. Ni ban yi lakol ba, ban iya karatun boko ba. Na faɗa ne aka rubuta, don waɗanda suka san shi suna ƙarewa, kuma ba duk abin da ake faɗa a kansa ne gaskiya ba.

Tun kafin hantsi ƙofar gida ta cika. Mata na kuka daga ciki. Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka ba. Ta zauna bakin ɗakinsa ta miƙe ƙafafu, duk wadda ta ce mata ina haƙuri sai ta gyaɗa kai. Maza kuwa, kowa ya zauna bisa tabarma sai ya ce, "Allahu akbar. Mutum mai haƙuri." Na ji ta ya fi sau goma. Wani tsohon Bafillace da ruwa ya tsare a tudunmu da shanunsa, shi ne ya gaji.

"Haƙuri?" in ji shi. "Wannan bawan Allah ya fara zagina a wannan gaɓa, bai gama ba sai a waccan. Don kawai na ce ina sauri."

Aka yi dariya, sannan kowa ya tuna inda yake, aka sunkuyar da kai. Bafillacen ya goge ido da bakin rawaninsa.

"Amma ya kai ni," ya ce.

Mutanen ƙetare sun ji kukan matan. Suka fito bakin ruwa, muna hango su jere. Wani ya haɗa hannu a baki ya ƙwala kira, "Wane ne?" Aka amsa masa daga nan, "Mai fito!" Sai da aka faɗa sau uku kafin maganar ta tsallake ƙarar ruwa. Da suka ji, suka zazzauna bisa rairayi. Can sai wani ya miƙe, ya ɗaga dagi sama da hannu biyu don mu gani, ya juya ya hau tudu. Wasu suka bi shi. Kabari suka tafi haƙa. Ba su tambaye mu yadda za mu kawo shi ba. A wurinsu abu ne da bai taɓa gagara ba.

Ga wanda bai san wurinmu ba, muna cikin fadama, yamma da Tibiri, kafin a kai Gidan Rumji. In damina ta zauna, gulbi na rabuwa ya bar tudu biyu tsaye kamar tsibirai, namu da na ƙetare. Da rani mace na kai tuwo daga nan zuwa can bai huce ba. Da damina sai da fito. Tudunmu baƙar laka ce, ka haƙa kamu ɗaya ruwa ya tsattsafo. Na ƙetare jigawa ne mai bisa. Saboda haka maƙabartarmu can take tun kakanni. Uwata tana can. Iyayen Kawu suna can, da 'ya'yansa uku. An taɓa rufe mutum biyu a tudunmu wata damina tun ba a haife ni ba, kuma abin da ruwa ya yi musu ba a faɗa wa yara. Daga nan Kawu, yana saurayi, ya ce shi zai riƙa ƙetarar da gawa ko wace irin cika aka yi. Har ya tsufa bai bar ko ɗaya ba. Yanzu ga shi kwance, ga gulbi, ga mutanen ƙetare suna haƙa.

Kawu wan uwata ne. An aurar da ita ƙetare. Shekarar yunwa ubana ya tafi neman hatsi bai dawo ba, ita kuma ta kwanta ba ta tashi ba. Da aka rufe ta, Kawu ya ɗauke ni ya saka cikin gora kamar ƙullin kaya, ya kawo ni gidansa. Da muka iso ya ce wa Inna, "Ga wani. A ba shi fura kaɗan kaɗan, kada cikinsa ya fashe."

Gorar fito ba irin ta ɗebo ruwa ba ce. Babba ce, mutum biyu ne ke rungume ta. Kawu da kansa yake shuka dumansa bayan gida, ya cire 'ya'yan duka ya bar ɗaya tak a kowane gindi don ta ƙoshi. In ta bushe ya yanke baki, ya ƙwaƙule, ya rataye ta cikin hayaƙi. Mai son ƙetarewa na zuba tufafinsa da kayansa ciki. Sai shi ya kama daga wannan gefe, mai fito daga wancan, su riƙe damtsen juna bisa gora, fuska da fuska. Mai fito na bugun ruwa da ƙafa. Wanda ake kaiwa ba shi da aiki sai riƙo.

Gorunansa huɗu ne. Ta fi duka girma ita ce Baƙa, wadda hayaƙi ya rine. Ita yake ɗauka in ruwa ya yi ƙarfi. In gawa ce kuwa, duk huɗun ake ɗaurewa ƙarƙashin makara, kowace kusurwa da tata, mutum huɗu su tura.

Yakan ce wa namiji, "Dubi idona. Ruwa ba naka ba ne." Mace kuwa ya ce mata, "Dubi hulata." Da hula yake shiga ruwa, wata tsohuwa da ba ta da sauran launi. In ya ji hannun mutum ya fara rawa a tsakiya, sai ya hau tambaya.

"Mi kuka ci jiya?"

"Tu... tuwo."

"Miyar mi?"

"Kuka."

"Ta ji daddawa? Faɗa mini gaskiya, ba zan kai ka ƙara ba."

Kafin mutum ya gama kare matarsa ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Kawu ya san miyar kowane gida a tudun nan biyu.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, abin da ya sa wasu suka ƙi shi, shi ne bai taɓa shiga ruwa daga mashigi ba. Mashiginmu na gindin tsamiya, na ƙetare na daidai da shi, kana hangen sa. Ƙasa da na ƙetare, inda ruwa ke gangarawa, akwai wani tsohon gawo tsaye cikin gulbi, ba ganye sai ƙaya. Wanda ya shiga daga gindin tsamiya ya ce zai yanke kai tsaye, ruwa ba mashigi zai kai shi ba, gawon zai kai shi. Don haka sai an taka da ƙafa zuwa sama, wajen da ruwa ke fitowa, sannan a shiga, ruwa da kansa ya sauke ka inda kake so. Nisan tafiyar kuwa kara ne ke faɗa. Kawu na jefa karan gero cikin ruwa ya bi shi ta gaɓa. In tafiya kawai yake suna kafaɗa da kafaɗa, a shiga daga marke. In sai ya yi sassarfa, a tafi giginya. In ya yi gudu kara ya wuce shi, sai kan tudu, inda ƙasarmu ta ƙare, gulbi ya rabu biyu. Wannan sau ɗaya na taɓa gani, ina yaro.

Mutane ba su son tafiyar nan. Laka ce, ga ƙaya, ga sauro. Kowa sai ya ce, "Ga mashigin can muna gani." Kawu ya ce, "Hau sama tukuna." Ba ya ƙarawa, sai in ka maimaita, nan kuma zagi ne.

Wata rana aka zo daga ƙetare, mace ta kwana biyu tana naƙuda, ana neman tsohuwar ungozomar tudunmu. Tsohuwar ba ta iya doguwar tafiya. Mijin matar ya durƙusa gaban Kawu yana roƙo a shiga daga nan. Kawu ya jefa kara, ya bi shi da sassarfa, ya dawo. Ya duƙa ya ce wa tsohuwar, "Hau, Iya." Ya goya ta har giginya, ni ina biye da gora, mijin na bayanmu yana kuka yana tsine masa. An haifi ɗiyar. Mijin ya zo da zakara ran suna yana neman gafara. Kawu ya karɓi zakaran ya ce, "Zaginka ba ƙarfi. Ka ƙara koyo."

Mu biyu ya koya wa fito, ni da ɗansa da ya rage, taubashina. Shi an ɗauke shi lakol da ƙarfi muna yara, lokacin da ake bin gari gari ana ɗiban 'ya'yan mutane. Ya yi karatu, ya samu aikin buro, wato na ofis, a Maradi, ya fara sa wando da takalmi. Ni ina kiransa Mushe, yadda ake kiran Nasara da ma'aikatansu, shi yana kirana Kwaɗo. Ni na zauna cikin ruwa. Nasara sun ɗebe ni aikin hanya na tilas shekara guda, na dawo da rai, na koma ruwa. Har Kawu ya fara bar mini Baƙa.

Sai shekarar da aka yi ta kiran mutane jefa ƙuri'a, gab da a sauke tutar Nasara a ɗaga tamu. Ƙarshen damina ne. Wani ma'aikaci ya zo da akwatinsa zai ƙetare. Kawu na gona. Mutumin ya dubi agogonsa, ya ce ana jiransa kafin la'asar. Na jefa kara, sassarfa ya ce, giginya ke nan. Mutumin ya dubi lakar, ya dubi takalminsa.

"Ga mashigin can muna gani," ya ce. "An ce mini kai ne gwanin wurin nan. Ko ƙarya aka yi mini?"

Ina da ƙarfi lokacin, ina kuma son a faɗa. Na ce mu shiga. Laifin nawa ne, ba nasa ba. Shi bai san ruwa ba, ni na sani.

Mun wuce rabi lafiya. Sannan na ga mashigi na tafiya ta hagu yana barinmu. Na yi bugu har na ji kamar ƙafafuna za su fita. Ruwa ya maka mu jikin gawo. Baƙa ta tsage daga baki har gindi, na ji ƙarar a ƙirjina. Hannuna na hagu ya shiga tsakanin gora da reshe. Yatsu biyu ba su ƙara lanƙwashewa ba har yau. Na tura mutumin bisa reshe da akwatinsa, ni ma na hau.

Aka kira Kawu. Na hango shi ya zo gindin tsamiya, ya dube mu, ya juya ya hau sama. A hankali yake tafiya, mutane na yi masa ihu. Ya shiga daga giginya, ya zo ya ɗauki baƙon ya kai shi ƙetare. Ni ya bar ni cikin ƙaya. Ya koma, ya sake hawa sama, ya sake zuwa. Na zaci ni zai ɗauka. Ɓallin Baƙa ya tsince daga cikin rassa. Sai a zuwa na uku ya miƙo mini hannu. Bai tambaye ni miyar da na ci ba.

A gaɓa, gaban mutanen gari, ya ce, "Ka jefa kara?"

"Na jefa."

"Mi ya ce?"

"Giginya."

"To, ba rashin sani ba ne. Da rashin sani ne da na buge ka na ƙara koya maka. Kada ka ƙara taɓa gorata."

Damina biyar ke nan. Na yi noma, na yi dako a Katsina da rani, na dawo. Gida uku ne tsakaninmu. Ina gaishe shi da safe, yana amsawa. Ban ba shi haƙuri ba. Na ga an riga an wulaƙanta ni, ba sai na kai kaina an ƙara ba. Shi kaɗai ya ci gaba da fito da tsufansa. In an yi rasuwa, wasu masunta biyu, wa da ƙane, su ke taya shi, yana faɗa musu abin da za su yi, gora uku da itacen marke a kusurwa ta huɗu, shi yana tallafe da ita da kafaɗa. Na san abin da hakan ke yi wa ƙashin tsoho. Na gani, na yi shiru.

Da ya kwanta ciwo na je na zauna gefen tabarmarsa. Taubashina ya zo daga Maradi ruwa bai kai ƙirji ba tukuna. Kwana huɗu ina zuwa. Abu ɗaya Kawu ke tambayata.

"Ruwa ina ya kai?"

"Saiwar tsamiya."

Kashegari, "Gindinta." Ranar ƙarshe na ce masa an yi ruwa ƙasar Katsina, gulbi na tafe. Ya rufe ido ya ce, "To." Ita ce maganar ƙarshe tsakanina da shi.

Yanzu in koma ranar. Da aka gama gaisuwa Liman ya yi gyaran murya. Ya ce addini bai ce a jefa rayayye cikin halaka don mamaci ba, duk ƙasa ta Allah ce, a nemi wuri bayan rumbuna a rufe shi. Gaskiya ya faɗa, ban taɓa ganin laifinsa ba. Masuntan biyu suka ce su kama kifi suka iya, irin wannan ruwa ba su shiga sai da Kawu.

Taubashina ya tashi ya ɗauki dagi da kansa, ya nufi bayan rumbuna. Na bi shi. Ya haƙa, ya haƙa, da hannuwan da suka saba da alƙalami. Bai kai gwiwa ba ramin ya fara tara ruwa. Ya matsa gaba ya sake. Haka. Ya tsaya da laka har cinya yana kallon ramin.

"Kwaɗo," ya ce, "cikin wannan zan sa Baba?"

"A'a."

"To ina?"

"Inda ya kai kowa."

Muka koma. Na ce wa Liman, "Allah gafarta Malam, ni zan kai shi." Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma na ji, "Wanda aka hana taɓa gora." Ban juya ba. Babban masuncin ya ce ko sun yarda, gora uku ce. Dabarar itace a kusurwa ta huɗu ta ƙaramin ruwa ce. A wannan cikar makara za ta kife.

Ba mu ga tashin Inna ba. Sai ga ta ta fito har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba gaban maza, tana jan wani abu rufe da tsohuwar tabarma. Ta yaye. Baƙa ce. An ɗinke tsagar daga baki har gindi, ɗinki ƙanana kusa da juna, an liƙe da ƙaro da kitse, an sake liƙewa bisa tsohon liƙi.

"Kowace shekara sai ya cika ta da ruwa ya duba inda take yoyo," in ji ta. "Ya ƙara ɗinki. Bara ya ce ta kusa. Ya ce kada in faɗa maka, sai ranar da ka zo da bakinka ka tambayi inda take. Ba ka zo ba."

"Shi ma bai kira ni ba, Inna."

"Ai jininku ɗaya. Ɗauki, kada ka tsaya mini kana kallo."

Na ɗauka. Masuntan suka dubi juna, suka tashi neman igiya.

Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, aka yi salla a ƙofar gida. Muka ɗaure shi da makara sosai, muka rufe bakin gorunan da fata. Lokacin da muka iso gindin tsamiya azahar ta wuce, gabas ta yi baƙi. Mutanen ƙetare sun gama haƙa, sun dawo bakin ruwa suna ɗaga mana hannu. Masu ɗauke da makara suka fara gangarawa.

Na ce a dakata. Na karya karan gero daga danga na jefa. Na bi shi da tafiya, ya bar ni. Na yi sassarfa, ya bar ni. Na zura da gudu cikin laka har na faɗi, ban ma ga inda ya yi ba. Na dawo na ce, "Kan tudu."

Wurin ya ɗauki surutu. Kan tudu tafiya ce ta cikin gonaki, gero ya fi mutum tsawo, laka har gwiwa. Tsofaffi suka ce ba a taɓa juya wa kabari baya da gawa ba, wannan wasa da mamaci ne. Wani ya ce ko marke ya isa. Taubashina ya dubi hadari, ya dubi agogonsa, ya kamo hannuna.

"Kwaɗo, ka ji tsoron Allah. Hadarin nan ba zai jira mu ba. Mu huɗu ne, ba kai kaɗai ba. Ga mashigin can muna gani."

Na ɗaga masa hannun hagu, yatsun nan biyu tsaye.

"Na taɓa jin wannan magana, Mushe. Daga mai agogo."

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya kwance agogon ya miƙa wa Liman, ya cire takalmi ya jefar gindin tsamiya, ya shiga ƙarƙashin makara ta gaba. Liman ya juya ga tsofaffin ya ce, "In hanyar kabarin ke nan, ba baya muka juya masa ba. Ku ɗauka."

Da mutanen ƙetare suka ga makara ta juya ta shiga gero, sai suka hau ihu. Sun zaci mun fasa. Ba wanda ya tsaya yi musu bayani. Mun wuce marke. Mun wuce giginya, nan ma aka ce ya isa, na ce ba a iso ba. Sau biyu masu ɗauka suka zame, makara ba ta taɓa ƙasa ba. Bafillacen nan yana gaba da sandarsa yana kwantar mana da gero.

A kan tudu ruwa ba ƙara yake ba, gurnani yake. Muka ɗaure gorunan. Masuntan suka kama wajen ƙafa. Ni da taubashina wajen kai, fuska da fuska, muka riƙe damtsen juna ta ƙarƙashin itacen makara. Na sa Baƙa a kusurwata. In za ta ci amana, ni ta fara ci. Muka yi bisimilla muka shiga.

Ruwa ya fizge mu kamar an yanke igiya. Na ce kada kowa ya yi faɗa da shi, a yi bugu kawai zuwa ƙetare. Giginya ta wuce mu ta baya. Muna tsakiya na ji hannun taubashina ya fara rawa. Idonsa na bisa ruwa, bakinsa buɗe, ƙafafunsa sun daina aiki, makara ta fara juyawa.

"Dubi idona!" na ce. "Mushe! Mi kake ci a Maradi?"

"Mi?"

"Mi kake ci?"

"Shin... shinkafa."

"Wa ke dafawa?"

"Matata."

"Ƙarya kake. An ce ita ke aika ka kasuwa da kwando."

"Ubanka ne ya..." Ya haɗiye sauran, don ga ubansa kwance tsakaninmu. Amma ƙafafunsa sun dawo bugu.

Nan na ji kusurwata ta fara nauyi. Baƙa na shan ruwa ta wajen ɗinkin. Ban faɗa wa kowa ba. Na sa kafaɗata ƙarƙashin itacen, yadda na ga tsohon yana yi damina biyar, na tallafe. Ruwa na shiga mini hanci. Ina hangen gawon ta bayan kan taubashina, yana girma. Na ce a ƙara. Na ƙara cewa a ƙara. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji hannuwa da yawa sun kama makara. Mutanen ƙetare ne, sun shigo ruwa har wuya, sun riƙe juna kamar igiya. Daidai mashigi muka sauka. Tsakaninmu da gawon bai fi jifan dutse ba.

Likkafani bai jiƙe ba sai gefe ɗaya, wajen kafaɗa, ɓangarena. Da na buɗe Baƙa, ruwan cikinta ya kai rabi. Da daga giginya muka shiga, da a jikin gawo aka tsince mu. Da tafiyar ruwan ta ƙara tsawo kaɗan kuma, da Baƙa ta nutse. Ɗinkinsa ya kai daidai inda ake bukata.

Mun rufe shi cikin busasshen rairayi, kusa da ƙanwarsa, uwata. Muna gama jera ƙaya bisa kabarin hadarin ya sauka. Taubashina ya zauna cikin ruwan sama yana kuka kamar yaro. Ni ban yi ba. Na tsaya har aka watse, na ce masa abin da ya kamata in faɗa tun yana ji. Ba sai an rubuta wannan ba.

Kawu ba mai haƙuri ba ne. Kada a ƙara faɗa. Mutum ne mai zafin baki da taurin kai, yana iya riƙe magana shekara biyar, kuma ni ma da na gada ban ji daɗinta ba. Amma duk wanda ya riƙe wa damtse bai sake shi a tsakiya ba. Allah shi riƙe nasa haka a ranar da kowa zai ƙetare, shi gafarta masa zaginsa, shi gafarta mini shiruna.

Bayan addu'ar uku taubashina ya koma Maradi, ni na kai shi gaɓa. Na ƙara wa Baƙa ɗinki, nawa bai kai nasa kyau ba. Kashegari da hantsi na iske wata mata gindin tsamiya da ƙullin kaya a kai, za ta gaida uwarta ƙetare. Ta dubi gorar, ta dube ni.

"Kai ne yanzu?"

"Ni ne."

"To mu shiga nan mana, ruwa ya ja. Ga mashigin can."

Na karya kara na jefa.